Gas ɗin da Aka Ƙona Ba Na Nan

Saƙon ya shigo wayata ina tsaye a bakin wata kwantena a sitonmu da ke Jebel Ali, a Dubai, ina duba hatimin ƙofarta. Aikina ke nan shekara tara. In duba lambar hatimi, in haɗa ta da ta takarda, in sa hannu. Idan ba su dace ba, ko manaja ne ya sauko da kansa ba na sa hannu, kuma duk siton an san ni da wannan taurin kai. Na faɗi wannan ne don a san irin mutumin da bil ɗin ya zo wa.

Saƙon bil ne, daga tsohon kamfanin gas. Masu benen da muke haya a Dubai Investments Park sun sallame shi sun kawo sabo, ba wanda aka tambaya cikinmu, takarda kawai muka gani manne a jikin lif. Gas ɗinmu ta bututu yake zuwa, kowane gida da mitarsa a wani ɗan akwati ƙarƙashin teburin kicin. Tun da muka tare, bil ɗin bai taɓa kai dirhami ɗari ba. Wannan na ƙarshe kuwa ɗari shida da arba'in aka rubuta. Sun cinye ɗari biyar ɗin da na ajiye musu tun farko, suna neman in cika musu ɗari da arba'in, kuma har da godiya a ƙasa cewa sun ji daɗin hulɗa da ni.

Lokacin kwanana tara da dawowa daga Kano. Mahaifiyata ce ta rasu. Na haɗa hutun shekara da wasu kwanakin da ba a biya na, na yi kwana arba'in da uku a gida, na dawo jikina duk a mace. Ba na barci sosai, ba na son magana, abinci ma sai na tuna. Da na ga lambar nan sai na ji wani abu ya motsa a ƙirjina a karon farko tun ranar jana'iza. Haushi ne, kuma gaskiya na yi maraba da shi.

Mu uku ne a gidan. Akwai wani ɗan Maraɗi mai sayen tsofaffin wayoyi yana aikawa Yamai, shi kwana kawai ke kawo shi, cinsa da shansa duk a unguwar Deira. Sai Baba, mutumin Zangon Kumasi, wanda ya girme ni da shekara ashirin ko fiye, yana aiki a sashen wanki na wani otal, hutunsa ran Juma'a. Baba ne ya karɓe ni shekara goma sha biyu da suka wuce, ranar da wanda ya yi min biza ya kashe waya ya bar ni a titi da jaka. A wani ɗaki a unguwar Al Khabaisi ya matsa min gefen katifarsa, ya ciyar da ni wata uku bai taɓa tambaya ta yaushe zan sami aiki ba. Da Allah ya buɗa min na kama gida da sunana, shi na fara ɗaukowa.

Malam yake ce min, kuma tsokana ce. Asalinta wata shekara mahaifin wani ɗan Gana ya rasu, suka taru suna karo-karo don addu'ar kwana arba'in, ni kuma na miƙe a gaban mutanensa na yi musu wa'azin da ba su nema ba, na ce ware rana ta uku da ta bakwai da ta arba'in ba shi da asali. Har yau ra'ayina ke nan. Amma na faɗe shi da murya irin ta wanda bai taɓa rasa kowa ba. Daga ranar Baba ya liƙa min sunan. Ranar da zan tafi Kano ma, yana riƙe min jaka a bakin tasi, sai da na ce masa, "Baba, don Allah kada a tara min kowa a gidan nan." Ya ce, "Yoo, Malam, na ji."

Da yamma na dawo na ajiye wayar a gabansu. Ɗan Maraɗi ya leƙa, ya ɗaga gira, ya ce, "Wannan facture ɗin ta yi nauyi kam." Sai ya dubi Baba, ya mayar da kai kan wayoyinsa. Baba ya sa tabarau ya daɗe yana kallon lambar.

Ya ce, "Malam, ka bari. Ƙarshen wata ni zan biya."

Na ce, "A kan me, Baba? Ɓarayi ne. Sun ga an kore su, suna son su yagi rabonsu kafin su fita. Ko sisi ba za su gani ba."

Ya ce, "Ka bari dai. Ka gaji paa."

Na ɗauka tausayina yake ji. Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ni na san yadda ake yi da irinsu.

Duk wanda ya taɓa kiran irin waɗannan kamfanoni ya san kiɗan nan da suke sa wa mutum. Mako biyu na yi ina sauraronsa a lokacin hutun cin abinci, ina zaune kan katakon dakon kaya, shinkafata tana hucewa. Idan an ɗauka, in faɗi sunana da lambar gida da lambar mita, in ba da labari tun daga farko, a ce in riƙe layi, layin ya katse. In sake kira, wata muryar daban, in sake farawa. Sun ba ni lambar ƙorafi har guda huɗu. Kowace na rubuta ta a bayan katin aikina, kuma ba wadda ta taɓa yi min amfanin komai.

A mako na uku na nemi rabin yini a wurin aiki na tafi ofishinsu. Bas biyu da jirgin ƙasa, ga zafin da ke sa riga ta manne a baya kafin mutum ya tsallaka titi. Na ja lamba na zauna awa ɗaya da rabi. Matar da ke bayan gilashi ba ta da laifi, ita ma da ganin idonta ta gaji da mu. Na zaro fasfo na buɗe mata shafin, na nuna hatimin fita da na shiga da yatsa, kamar yadda nake nuna wa direbobi lambar kwantena. Da Turanci na ce mata kwana arba'in da uku ba na ƙasar, ta yaya zan ƙona gas ina Kano?

Ta dubi fasfon, ta dube ni. Ta ce, "Gidan a rufe yake duk kwanakin?"

Na ce a'a, akwai mutum biyu, amma ɗaya ba ya girki, ɗayan kuma tsoho ne, shayi da ɗan abin da ba a rasa ba.

Ta buga min takarda ta turo ta ƙarƙashin gilashin. Ɗari da hamsin kuɗin rufe asusu ne. Na ce ni ban rufe ba, masu bene ne suka kore ku, ku je ku karɓa a wurinsu. Ta ce za ta tura sama. Sauran kuwa, ta ce, gas ne da mita ta ƙirga. Na ce to mitar ta lalace, ko bututu na yoyo. Ta ce za a turo mai dubawa cikin kwanakin aiki biyar, inshallah. Na san irin wannan inshallah ɗin, ni ma ina yi wa mutane ita a wurin aiki.

Kwana goma sha ɗaya ya yi kafin ya zo. Wani ɗan Indiya ne mai ƙaramar jaka. Ya durƙusa a kicin, ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, ba kumfa ko ɗaya. Ya kunna murhu ya sa agogo yana kallon mita, ta tafi daidai. Ya nuna min hoton mitar da suka ɗauka ranar da aka sallame su, ya nuna min lambar da sabon kamfani ya fara da ita, duka ɗaya. Yana tattara kayansa ya ce, "Habibi, mita ba ta da matsala. Wani ya yi girki, girki mai yawa. Khalas."

Lamba ta dace da takarda. Ni da kaina na gani.

Daga ranar haushin ya bar kamfani ya shigo gida. A bene na uku an taɓa kama wasu suna dafa abincin sayarwa a gidan haya. Wanda sunansa ke kan takardar haya shi aka ci tara, shi aka kora, kuma ya sha wahala kafin ya sake samun mai ba shi gida. Sunana ne a kan tamu takardar. Na fara tuna yadda Baba ya yi saurin cewa zai biya, da kallon da ɗan Maraɗi ya yi masa. Na ce a raina idan ta tabbata Baba ya mayar da kicin ɗina gidan abinci ina can ina binne uwata, to zamanmu ya ƙare, ko da shi ne ya matsa min katifa. Ban so wannan tunanin ba, amma ban kore shi ba.

Ban tambaye shi ba. Wannan ne ya fi damu na yanzu. Mutumin da muke sallar asuba kafaɗa da kafaɗa, kalma biyar ta isa, amma na zaɓi in yi bincike kamar ɗan sanda. Wata safiya da suka fita na leƙa baranda. Bayan injin wanki, ƙarƙashin wani tsohon bargo, na sami tukunya. Ban taɓa ganinta ba. Babba ce, irin wadda ake ɗorawa a kan bakin murhu biyu, gindinta ya yi baƙi, cikinta ya rine ja da karan dafi, wanda mutanen Gana ke sawa a shinkafa da wake. Kusa da ita kuloli uku manya a kife.

Na sauka wurin maigadin bene, wani ɗan Pakistan mai son hira. Ban ma gama tambaya ba ya ce ai kowace Juma'a da ba na nan, tsohon yakan sauko da kuloli wajen sha ɗaya na safe, wata a-kori-kura ta ɗauke shi zuwa masaukin leburori, wanda kowa ke kira kam, can bayan masana'antu. Ya ce ƙamshi ya cika bene tun daga ranar Alhamis. Ya ce shi ma an ba shi, akwai daɗi, yaji ne dai ya yi masa yawa.

A hanyar dawowa daga aiki na sayi ɗan kwaɗo na dirhami biyar. Na rufe famfon gas, na tura ƙofar akwatin mita, na danna kwaɗon. Da suka dawo na ce musu, ina kallon bango, daga yau duk mai son girki ya yi min magana in buɗe masa, saboda ba zan sake biyan abin da ban sani ba. Ɗan Maraɗi ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗan taɓa masa gwiwa, ya fasa.

Baba ya ce, "Yoo, Malam. Gidanka ne."

Bai taɓa neman makullin ba. Ya sayo butar lantarki ya ajiye a ɗaki. Kwana tara yana cin burodi da kifin gwangwani a bakin gadonsa, yana gaishe ni da safe kamar kullum, yana tambaya ta aiki. Ni kuma in buɗe kwaɗo in dafa taliya ni kaɗai, in ci a tsaye, in kulle. Abincin ba ya min daɗi, amma ina ganin na yi maganin abu.

Abin da ya rage shi ne shaida, don in zan ce wa dattijo ya tashi, ina son in ce masa ga abin da na ji da kunnena. Ran Juma'a na nemi izini da wuri, na tafi masallacin da ke kusa da kam ɗin. Bayan sallah na tsaya a inuwar katanga ina kallon mutane suna neman takalmansu, har na ji wasu uku suna Hausa. 'Yan Nijar ne, masu lodi a wata masana'antar siminti, hannayensu duk sun yi fari. Muka gaisa, muka tambayi juna gari. Sai na sako maganar kamar ba komai, na ce an ce min akwai wani tsoho ɗan Gana da ke kawo shinkafa da wake nan, nawa yake sayar da faranti?

Babbansu ya dube ni kamar na faɗi abin kunya. Ya ce, "Sayarwa? A'a, ɗan'uwa. Sadaka ce."

Na ce sadakar me?

Ya ce, "Ta mahaifiyar wani ƙanensa ce da ta rasu a Kano. Ya ce yaron ya tafi gida, shi kuma ba ya iya zama haka nan hannu sake. Juma'a shida yana kawowa. Nan yake tsayawa, daidai inda kake, yana zuba wa kowa, Bangali da ɗan Nepal da mu duka. Abin da yake cewa kawai, ku yi wa Mma addu'a." Ya juya ga abokansa ya ce, "Ta ƙarshen ma har da nama, ko ba haka ba?" Suka ce haka ne. Sai ya ɗaga hannu a wurin ya ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, sauran suka ce amin. Ni ma na ce amin. Ban gaya musu ko ni wane ne ba, kunya ba ta bar ni ba.

Na zauna a tashar bas, bas biyu suka wuce ban shiga ba. Sai a lokacin na tuna cewa duk wanda zai zo daga Kano, idan mahaifiyata ta ba shi saƙon kuka da daddawa da yaji, sai ta ƙulla wani daban ta ce na Baban Gana ne. Kowace sallah sai na miƙa masa waya sun gaisa, tana dariyar Hausarsa, yana ce mata Mma. Na kuma tuna ya taɓa gaya min a Al Khabaisi cewa lokacin da tasa uwar ta rasu takardunsa ba su cika ba, bai sami zuwa ba. Duk na san waɗannan. Bai tara min kowa a gida ba, kamar yadda na ce. Ciyarwa da sunan mamaci kuwa ban taɓa cewa laifi ba ne, amma yadda nake magana ya sa dattijo ya ɓoye tukunya a bayan injin wanki. A nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Da na isa gida na wuce kicin na cire kwaɗon, na jefa shi a kwandon shara. Baba yana ɗaki yana ninke kaya. Na durƙusa a bakin ƙofa, abin da rabona da yi masa tun ina sabon zuwa. Na ce, "Baba, daga kam nake. Ka yafe min."

Ya ci gaba da ninke rigar da ke hannunsa har ya gama. Ya ce, "Ba komai, Malam. Tashi. Ni ne ban gaya maka ba."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba, ko ranar da na sa kwaɗon?"

Ya ce, "In na faɗa, ya zama ina neman godiya. Kuma ka ce ba ka so." Ya ɗan yi murmushi. "Mma shi na aiko min yaji shekara goma. In zauna kawai?"

Sai na lura ba wanki yake ninkewa ba, jaka yake cikawa. Ya ce ya sami gado a Al Khabaisi wurin 'yan garinsu, ya riga ya biya wata biyu, kuma ya fi kusa da otal ɗinsu. Na roƙe shi. Ɗan Maraɗi ma ya sa baki, ya ce, "Baba, c'est fini, a bar maganar nan mana." Baba ya ce wallahi ba fushi yake ba, ƙafafunsa ne ba sa son doguwar tafiyar bas yanzu. Shekara shida yana wannan tafiyar bai taɓa kuka da ita ba. Ƙarshen wata ya tafi. Ya bar ambulan a kan firji da kuɗin gas a ciki, na bi shi da shi har bakin mota na cusa masa a aljihu, wannan kaɗai ya yarda na ci nasara a kai. Tukunyar da kulolin ya ce ba wurin ajiye su a can.

Bayan kwana goma saƙo ya zo daga tsohon kamfanin. Sun duba ƙorafina, sun cire ɗari da hamsin na rufe asusu, kuskure ne daga wajensu. Da aka lissafa, su ne ma za su mayar min da dirhami goma, in zo ofis da katin shaida in karɓa. Wata biyu ina faɗa, abin da na ciwo ke nan. Ban je ba.

Muna waya da Baba. Yana amsawa da fara'a, yana tambaya ta 'yan gida. Na gayyace shi cin abinci ya fi sau biyar, kullum akwai aiki. Ɗakinsa na ba wani yaron kirki ɗan Katsina, yana biya a kan lokaci, ba ruwansa da kowa, kuma gidan ya yi shiru irin wanda ba na so.

Wata Alhamis, watanni bayan haka, na jawo tukunyar daga bayan injin wanki na wanke ta. Na sayo wake da shinkafa, na samo karan dafi a wani shago a Deira. Sai na tsaya a kicin na ga ban san yawan ruwan da take ci ba, ban taɓa dafa abincin da ya wuce na mutum uku ba. Na kira shi. Bai tambaye ni na wane ne ba. Ya gaya min in jiƙa waken tun yanzu, ya gaya min inda ruwan zai tsaya a jikin tukunya, da lokacin da zan tsame karan dafin, da lambar mai a-kori-kura. Na ce ko zai zo gobe ya duba min, ko da tsayawa ne kawai a kaina. Ina jin ƙarar injinan wanki a bayansa.

Ya ce, "Za ka iya, Malam. In ya tafasa dai ka rage wuta. Gas ɗin nan shi na da tsada."